Gwarzo Ya Daina Ganin Keke

Duk layin an san Inna tana tsoron doki, abin dariyar kuma mai horar da dawaki take aure. Shekara da shekaru tana gidan nan, ta haihu ta aurar, amma iyakarta da barga bakin ƙofar kicin. In ta ɗumama ruwan da za a kwaɓa dusa, nan za ta dire bokitin ta ɗaga murya: "Malam, ga ruwan 'ya'yanka!" Shi kuwa Mai Doki, don haka kowa ke kiransa, sai ya leƙo yana dariya ya ce, "Yarinyar nan, ƙaraso mana, ai ba ya cin mutum." Yarinya fa, wadda furfura ta gama cika mata kai. Ita dai ba ta taɓa ƙarasawa ba.

Sana'ar Mai Doki cire wa dawaki tsoro. Masu amalanke da masu hawa sukan kawo masa dokin da in leda ta taso a titi zai zabura ya watsar da kaya, ko wanda hon ɗin mota ke sa shi ya yi cikin kwata da mai shi. Ba ya duka, ba ya tsawa. Abin tsoron zai ajiye can nesa, lema ce ko tampol ko gwangwanaye a igiya, ya zuba wa dokin harawa ya koma gefe ya zauna. Gobe ya matso da abin kaɗan. Duk lokacin da dokin ya kau da kai daga abin ya sunkuya ga abincinsa, sai ya shafa masa wuya ya ba shi 'yar dusa a tafin hannu. Inna ta tagar kicin take kallon wannan aiki, tana yanka albasa tana tsaki, wai mutum da hankalinsa ya wuni yana buɗe wa dabba lema. Shi kuma amsarsa ba ta canzawa: "Ba so nake ya ƙaunaci lemar ba. So nake ya daina ganin ta."

Dawakan mutane suna zuwa suna tafiya, ɗaya ne nasa na kansa. Baƙi ne wuluk, mai shi ya gaji ya bar masa, don ko inuwarsa ya gani sai ya daka tsalle. Saboda tsokana Mai Doki ya sa masa suna Gwarzo, kuma bai bar shi ba sai da ya kai ana buɗe lema a goshinsa ko ido ba ya ƙiftawa. Tsakaninsu kuwa sai wanda ya gani. Tun daga bakin titi Gwarzo ke gane takunsa ya hau haniniya, in ya shigo ya tura masa hanci a ƙirji yana shinshinar aljihu.

Ranar da abin ya faru, Mai Doki yana tsaye yana taje masa geza, buroshin ya suɓuce daga hannunsa, sannan shi ma ya bi shi ƙasa. Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya daɗe a kwance. Da aka sallame shi hannun dama ba ya ɗaguwa, ƙafar ta yi nauyi, baki ya ɗan karkace, magana sai an kasa kunne. Ƙaninsa direba ne ya ɗauko shi, wanda har yau da farin gemunsa Auta ake ce masa, da keken guragu sabo fil a bayan mota.

Ko ɗaki Mai Doki bai yarda a shiga da shi ba. "Barga," ya ce.

Gwarzo ya san baro, ya san babur, ya san amalanke. Amma wannan abu mai ƙyalli da manyan tayoyi, yana tahowa a hankali yana 'yar ƙara, da rabin mutum a kansa lulluɓe da bargo, bai taɓa ganin irinsa ba. Ya kafa kunnuwa, ya yi huci, ya fara ja da baya. Mai Doki ya tattara leɓe zai yi masa fito kamar yadda ya saba, leɓen ya ƙi, iska ce kawai ta fito da miyau. Auta kuwa, sarkin gaggawa, sai ya ƙara turawa yana cewa, "Yaya, da ya gan ka kusa zai gane ka." Ina! Gwarzo ya miƙe da ƙafafun baya, ya fizge igiya har turken ya tumɓuke, ya yi ƙuryar barga ya manne da bango, jiki na ɓari, fararen idanu a waje.

Inna tana bakin kicin, ba dokin take kallo ba, fuskar mijinta take kallo. Bai yi fushi ba, bai yi kuka ba. Ya daɗe yana duban dokinsa, sannan ya ce, "Mayar da ni."

Daga ranar nan ya kwanta ya ba ƙofa baya. Likitar da ke zuwa gida tana motsa masa gaɓoɓi ta yi lallashi har ta gaji. Ta ce ƙafar hagu lafiyarta lau, ta daman ma da sauran rai a cikinta, in da zai yarda ya riƙa miƙewa ko da na ɗan lokaci. Ya ƙi. Abinci sai ya taɓa ya ture. Keken ma ya ce a ɗauke masa daga gani, aka naɗe shi aka jingine a bayan ƙofa. Da Auta ya zo ba wa doki abinci wata safiya, ya kira shi ya ce, "Nemo wanda zai ɗauke shi." Auta ya yi ta kame-kame, amma wa ke musu da babban wa yana kwance? Ba a jima ba ya dawo ya ce an sami wani mai gona a bayan gari, ƙarshen wata za a kai masa.

Duk a kunnen Inna aka yi. Ta san mutumin nan ciki da bai. Ta san ranar da dokin nan ya fita ta ƙofar gida, mijinta ya gama tashi daga gadon nan ke nan, sai dai a ɗauke shi.

Washegari da hantsi, bayan ta ba shi magani barci ya ɗauke shi, ta saɗaɗa ta ɗauko keken. Ta buɗe shi can ƙarshen tsakar gida, gindin igiyar shanya, inda Gwarzo zai hango shi daga barga. Wannan mai sauƙi ne. Sauran aikin shi ne zuba harawa, harawa kuwa sai an shiga. Ta rungumo damin, ta yi bisimilla ta sake yi, ta taka zuwa inda ba ta taɓa takawa ba. Gwarzo yana kallon keke yana huci, ita tana kallon Gwarzo tana noƙewa. Ta wurga masa harawar daga nesa, rabi ta zube a ƙasa.

"Inna!" Maƙwabciyarta ce, Mai Ɗinki, ta leƙo ta saman katanga da tef a wuya. "Don Allah a cikinku wa ke horar da wani? Na ga duk rawar sanyi kuke yi."

"Rufa mini asiri ki yi ƙasa da murya," in ji Inna. "In kina da abin yi ki je ki yi, in ba ki da shi ki zagayo."

Mai Ɗinki ta zagayo, kuma daga ranar ta zama 'yar aikin barga ba albashi.

Ranar farko Gwarzo bai ci komai ba sai da aka ɗauke keken. Rana ta biyu ya ci yana ɗagowa, ya ci yana ɗagowa. Inna ta tsaya gefe da dusa a kwano, tana tuno abin da ta gani ta taga. Ashe duk tsakin nan da take yi idonta yana ɗauka. Da ya kau da kai daga keken ya sunkuya, sai ta miƙa masa kwanon da dogon hannu, fuska a juye. Kwano ya koma tafin hannu a ranar da ta manta da kwanon a kicin. Da ta ji leɓensa mai laushi yana tsince dusa a hannunta sai da ta yi 'yar ƙara, Mai Ɗinki ta yi dariya har da riƙe ciki.

Kullum keken yana matsowa. Daga igiyar shanya zuwa bakin famfo, daga bakin famfo zuwa ƙofar barga. Mai Ɗinki ta ce a ɗiga masa man keken ɗinkinta ya daina ƙara, Inna ta ce a'a, da ƙararsa zai zo, da ƙararsa za a saba. Suka koma tura shi ba kowa a kai, gaba da baya, ta hagu ta dama. Sannan aka zo babban darasi, wato mutum a kai. Mai Ɗinki ta haye ta lulluɓa da bargo, keken yana kuka don ba ƙaramar mace ba ce, Inna tana turawa tana haki.

Akwai ranar da Inna ta yi gaggawa, don wata ya yi nisa. Ta kai keken gab da shi, iska ta ɗaga gefen bargon, Gwarzo ya yi tsalle gefe ya sauke kofato a kan ƙafarta. Wayyo! Ta ga taurari da rana tsaka. Ta cije leɓe ba ta yi ihu ba don kada a ji a ɗaki. Ƙafa ta kumbura suntum, ta shirya ƙaryar da za ta yi, cewa tukunya ce ta faɗo mata. Ta shiga da abinci tana ɗingishi ta fito tana ɗingishi, mutumin da a da ko tari ta yi sai ya tambaya bai ko juyo ba. Wannan ya fi ciwon ƙafar yi mata zafi, ta zauna a kicin ta yi kukanta ta share.

Sai ta ƙudura cewa ba za a sake ba. Dokin nan sai ya kai duk abin da keken zai yi ba zai ko ɗaga kai ba. Ta sa Mai Ɗinki ta riƙa tafi daga kan keken, ta yi tari, ta kaɗa bargo, ta miƙa hannu ta taɓa shi, har ta kira shi da sunansa. In ya waiwayo, Inna ta rufe hannunta ta ɓoye a baya. In ya kau da kai, ga dusa ga shafa. Gwarzo ba daƙiƙi ba ne, nan da nan ya gane abin da ake so. Ya kai ana iya zagaya shi da keken, Mai Ɗinki tana rera waƙa a kai da muryarta mai tashin matattu, shi kuwa yana tauna abinsa hankali kwance. Su biyun suka tafa, suna ganin sun gama aiki.

Ranar da za a tafi da shi, Auta ya zo da sassafe da sabuwar igiya a hannu, ya ce mai gonar yana jira a bakin titi da motar ɗaukar dabbobi. Inna ta ce ya dakata. Ta shiga ɗaki ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, za a tafi da shi. Ka fito ku yi sallama."

"A tafi da shi."

"Ba za a tafi da shi haka ba."

Ya ƙara juyawa wajen bango.

"Wallahi Malam ka ba ni mamaki," ta ce, da kakkausar murya, alhali tunda take ba ta taɓa yi masa magana da wannan murya ba. "Dawakan mutane ka yi musu haƙurin wata da watanni. Naka ya tsorata sau ɗaya tak, ka juya masa baya. Mu ma da ba mu yi maka komai ba ka haɗa da mu. To yau sai ka fita, in ya so ka dawo ka ci gaba da kallon bangonka."

Ya juyo ya dube ta, karo na farko a cikin kwanaki masu yawa. Ba ta jira amsarsa ba. Ta leƙa ta kira Auta, suka ɗaga shi suka zaunar a keken. Ba nauyi gare shi a hannu, har abin ya ba ta tsoro. Auta ya kama zai tura, ta ce, "Matsa, ni zan kai shi."

"Matar Yaya, barga fa za a je," in ji Auta.

"Na san hanya."

Keken ya bi tsakar gida yana 'yar ƙararsa. Inna tana ganin hannun hagun mijinta ya damƙe ƙarfen gefe, yana jiran abin da ya faru ya sake faruwa. Gwarzo ya ɗago, ya kaɗa kunne ɗaya, ya kau da kai ya sunkuya ga harawarsa. Auta ya saki baki. Inna kuwa daɗi ya cika ta har wuya. Ta tura keken har gefen dokin, inda hannu zai kai, ta tsaya.

"Gwarzo," in ji Mai Doki, da muryar nan tasa da ta zama wata iri.

Gwarzo yana tauna.

"Gwarzo. Ni ne."

Ya miƙa hannun hagu ya dafa masa kafaɗa. Fatar wurin ta ɗan girgiza kamar ƙuda ne ya sauka, shi ke nan. Ya sake kira, ya ja gezar a hankali. Dokin ya ƙara kau da kai can gefe, ya ɗan jira, sannan ya ɗago ya miƙo wuya ta saman kan Mai Doki, ya wuce shi, ya kai hanci tafin hannun Inna yana neman ladansa.

Inna ta dubi dokin, ta dubi mijinta. Sai yanzu ta ga abin da ta aikata. Lema ba ta buƙatar a gan ta, tampol ma haka. Ita kuma ta ɗauki aikin lema ta yi wa kujerar da mijinta zai zauna a kai, ta yi shi kuma da kyau, ba ta bar ko kafa ɗaya ba.

Mai Doki ya dubi hancin dokin a hannun matarsa, ya dubi ƙafarta da har yanzu take ɗaure da tsumma. Mai sana'a ne, ba sai an yi masa bayani ba.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce, Malam."

"Ke?" Ya jinjina kai. "Aiki ya yi kyau. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan." Ya sauke hannunsa daga jikin dokin. "Ya daina gani na."

Hawaye suka ɓalle mata. "Ban sani ba, Malam. Ni dai kada ya guje ka nake nema. Ban yi tunanin..."

Auta ya rasa inda zai sa kansa, ya hau juya igiyar hannunsa. "Yaya, to in kwance shi? Mutumin yana jira."

Mai Doki bai ko dube shi ba. Idonsa yana kan dokin. Can ya ce, "Taka birkin nan." Inna ta danna birki. "Ɗauke bargon. Sauke mini ƙafar." Ta durƙusa ta sauke ƙafar daman daga inda take ɗore ta dasa ta a ƙasa. "Zo ta nan. Ba ni kafaɗarki."

Auta ya zaburo zai cicciɓe shi, ya daka masa harara. "Ba kai ba."

Ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hannun da ya mutu, ta zagaye ƙugunsa da nata hannun. Ya dafa ƙarfen keken ya yunƙura, ya ɗago kaɗan, ya koma jagwab. Zufa ta keto masa. Ya yi numfashi, ya cije haƙora, ya sake yunƙurawa da wani nishi da ba ta taɓa jin ya yi ba. Duk nauyinsa ya sauka a kan ƙafarta mai ciwo, ba ta ko motsa ba. Gwiwar hagu ta miƙe, ta dama ta bi ta tana karkarwa. Ya tsaya, a karkace, amma ya tsaya.

Gwarzo ya daina tauna. Ya juyo, harawa na reto a bakinsa. Kunnuwan nan biyu suka miƙe gaba. Ya matso da hanci ya shinshina wuyan rigar, ya shinshina gemun, sai ya yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa daga cikin ƙirji, ya tura kansa gaba ɗaya a ƙirjin Mai Doki har saura kaɗan su zube su biyun. Mai Doki ya damƙi geza da hannun hagu ya kifa goshi a wuyan dokin. Inna tana jin haƙarƙarinsa yana tashi yana sauka a jikin hannunta. Auta ya juya baya yana goge ido da hula, wai ƙurar harawa ce.

Ba a daɗe ba ƙafar ta gaza. Ta sassauta shi a hankali ya koma kan keken yana haki. Gwarzo ya dube shi zaune, ya ɗan yi jim, sannan cikin ladabi ya kau da kai ya sunkuya ga harawarsa.

Mai Doki ya fashe da dariya, da karkataccen bakinsa, hawaye na bin gefen hanci. "Kin gani? Ɗan banza, akwai biyayya!"

"Zan warware, Malam," in ji Inna tana share fuska da gefen zane. "Zan sake koya masa, ya riƙa zuwa wurinka a zaune. Ai yanzu na iya."

"A'a. Kada ki taɓa shi. Bar shi haka." Ya waiwayi ƙaninsa. "Auta, je ka ba mutumin nan haƙuri."

Auta ya fita har da sassarfa. Mai Doki ya jingina yana mayar da numfashi, ƙafar dama tana rawa ita kaɗai a ƙasa. Inna ta ɗauko bargon za ta rufa masa, ya ture da hannun hagu.

"Dakata in ɗan huta," ya ce. "Sai ki sake ɗaga ni. Ban gama gaisawa da shi ba."